Lomar Shaidar Idirisa Mai Balangu

Idirisa ɗan kawuna ne. Ni ɗiyar mace, shi ɗan namiji, taubasai ke nan na gasken gaske. Tun muna yawo ba wando ba zane nake zaginsa yana zagina, kuma ba a taɓa samun babban da ya ce mu bari ba. Shi ya ce ni baiwarsa ce, ni kuma Tulu nake ce masa, don tun yana yaro kumatunsa da wuyansa a cike suke tim. Sunana Ramatu. Aure ya kai ni Jiratawa, muna da 'yar garkar zogale a can. Kullum nakan dafa ganyena da hantsi, in hau kabu-kabu in shigo Maraɗi, in ajiye tirena na kwaɗo a gefen rumfar gashinsa da ke Sabon Gari, bakin gudoro, wato titin kwalta. Shekaru muna haka, yana cewa ciyawar awaki nake sayarwa, ina cewa hayaƙinsa na kore mini masu saye. Don haka in na ba da labarinsa, ba ji na yi a bakin wani ba.

Rumfar nan ubansa ne ya kafa ta, Kawu Lawali, Allah shi jiƙansa. Kawu mutum ne mai tsantseni har ya yi yawa. Shi ya ƙirƙiro abin da ake kira lomar shaida. In mai saye ya zo ya nuna naman da yake so, kafin a yanka masa, Kawu zai fizgo loma biyu daga wuri guda, ya dangwala su a yaji, ya miƙa wa mutum ɗaya, ya jefa ɗayar a bakinsa a gaban idon mai sayen. Cewa yake abin da ba zai iya haɗiyewa ba, ba zai ba ɗan wani ba. Kuma saboda girmama baƙo, tsokar ta mai saye ce, mai kitsen ta mai rumfa. Masu gashi da yawa suna ba da ɗanɗano, amma wanda zai ci tare da kai, kowa ya zo, tun daga la'asar har a kwashe, sai gidan Lawali. Saboda wannan lomar mutane ke tasowa daga unguwar Zariya, har daga Tibiri, su wuce rumfunan wasu su zo tamu.

Kawu ya faɗi yana da ƙarfinsa. Ɓarin damansa ya shanye, bakinsa ya karkace, ya yi shekaru a kan tabarma ana juya shi. Mutumin da ke ɗaga cinyar sa shi kaɗai, sai ga shi ana ba shi kunu da cokali yana zuba ta gefen baki. Manya suka ce iska ce ta buge shi a hanyar mayanka da duku-duku. Babban ɗansa Muhammad Auwal ya gaji rumfar, ya gaji lomar, shi ma ya faɗi, bai ma kai shekarun uban ba, kuma bai daɗe a kwance ba Allah ya karɓi abinsa. Sai tsofaffin gidan suka yanke magana cewa wannan abu mazan gidan yake bi, kuma wanda jikinsa ya yi rauni yake kayarwa. Suka kira Tsahara, matar Idirisa, suka ce ta kula da cikin mijinta, kada ta bari ya rame. Baiwar Allah ta ɗauki maganar da hannu biyu. Tuwonsa sai ya yi iyo a man shanu, miyarsa gishiri da dunƙule har sai harshe ya yi zafi.

Shi kuwa Idirisa ko a jikinsa. Mutum ne mai dariya, mai sakin hannu. Ban taɓa ganin mabuƙaci ya tsaya a rumfar nan ya tafi baki a bushe ba. Amma malalaci ne na ƙarshe in ba a kan nama ba. Yana da wata kujera da ta lotsa daidai da shi, a kanta yake wuni. Kara guda na taba a bayan kunne, wani a baki. Butar shayi ba ta sauka daga gawayi, sukari kuwa sai ka ce shi ake dafawa. Masallacin da ke nan kusa ma, in ya samu ɗan kabu-kabu a tsaye, hawa yake. In na ce, "Tulu, wata rana ƙofar rumfar nan za ta ƙi ka," sai ya shafa teɓarsa ya ce, "Hassada ce, 'yar ciyawa. Wannan ai arziki ne."

Wata la'asar cikin bazara, yana yanka wa Malam Hezekiya nama. Malam Hezekiya tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, Kirista, mutumin Tibiri, tun zamanin Kawu yake zuwa. Sai na ji wuƙa ta faɗi ƙasa. Na waiga. Idirisa da wuƙa ba ta taɓa kuɓuce masa ba, ko yana gyangyaɗi! Ya duƙa zai ɗauka, yatsun damansa suka ƙi kamawa. Ya ɗago ya yi mini magana, maganar ta fito a dunƙule, ban fahimci ko kalma ɗaya ba. Wallahi na ɗauka kwaikwayona yake, har na buɗe baki zan rama. Sai na ga gefen bakinsa ya ɗan sauka. Bakin Kawu na gani a fuskarsa. Na hau salati.

Kafin in gama salati abin ya wuce. Ya murza hannunsa, ya ɗauki wuƙa, ya wanke ta, ya ce, "Zafi ne da hayaƙi. Me kike kallo, ba ki taɓa ganin kyakkyawa ba?"

Malam Hezekiya ya biya kuɗinsa. Ya karɓi ƙunshinsa ya hau babur ɗinsa. Ashe gida ya nufa ya ɗauko matarsa. Kafin magariba sai ga shi ya dawo da Madam Zipora a baya. Ma'aikaciyar jinya ce, 'yar gajera, ba ta da yawan magana kuma ba ta maimaita wadda ta yi. Ta fito da abin awon jini daga jaka.

"Malam Idi, miƙo hannu."

"Haba Madam, ai lafiyata lau."

"Ban tambaye ka ba. Miƙo."

Ta ɗaura, ta matsa, ta duba. Ta koma ɗaya hannun ta sake. Sannan ta rage murya ta ce, "Tansiyonka ya hau ƙwarai, hawan jini ke nan. Abin da ya same ka ɗazu ba zafi ba ne, gargaɗi ne. Mutane da yawa ba sa samun gargaɗin, faɗuwa kawai suke. Ka rufe rumfa mu tafi asibiti ka ga lokotoro."

Ya ce nama na kan wuta. Ya ce gobe. Ya ce shi bai taɓa kwana asibiti ba, ba kuma zai fara ba. Da na ga zai yi kunnen ƙashi, sai na ɗaga murya yadda 'yan kabu-kabun da ke tsaye za su ji, na ce, "Madam, ƙyale shi. Tsoron allura yake. Tun muna yara in ya ga masu lamba, 'yan allurar rigakafi, sun shigo unguwa, rumbu yake shigewa." Aka fashe da dariya. Ya harare ni, ya miƙe, ya ce maƙwabcinsa ya kula da wuta, ya ce yau zai nuna mini. Haka muka kai shi, yana tafe yana zagina.

A asibiti suka ba shi magani nan take, suka ɗebi jini, suka ce a dawo da safe a yi hoton wuya. Muka koma ni da Tsahara da Madam Zipora. Na'urar irin wadda ake duba mata masu juna biyu ce, eko. Da lokotoro ya shafa masa wani abu mai sanyi ya ɗora kan na'urar, na kasa haƙuri na ce, "Lokotoro, wata nawa ne?" Shi kansa Idirisa sai da ya yi dariya. Amma dariyar ba ta daɗe ba.

Lokotoron ya juyo da allon ya nuna masa. Ya ce akwai manyan jijiyoyin jini biyu a wuya, hagu da dama, su ke kai jini ƙwaƙwalwa. Idirisa ya ce, "Na san su. Su ake yankewa in za a yanka dabba." Lokotoro ya ce su ne. Ya ce nasa bangonsu ya yi kauri fiye da na mai shekarunsa, kuma a na hagu kitse ya fara kwanciya ya yi tudu, kamar yadda datti ke taruwa a cikin tiyon ruwa. Ɗan ɓurɓushi ne ya ɓalle daga tudun ya tafi ya tare wata 'yar hanya a cikin kai, shi ya sa hannu da harshe suka ƙi aiki, sannan ya wuce. Ya ce wanda zai biyo baya ba lalle ya wuce ba.

Sai ya hau tambaya. Kana shan taba? Tun yaushe? Mahaifinka me ya same shi? Yayanka fa? Me kake ci a wuni? Da muka ba shi labarin loma, ya ajiye abin rubutunsa ya kalli Idirisa. Ya ce jininsa ya nuna kitse ya yi yawa, sukari ma ya fara leƙowa. Ya ce hawan jini, taba, kitse, teɓa da zama wuri ɗaya, kowanne shi kaɗai yana cin bangon jijiya a hankali ba tare da mutum ya ji ciwo ba, shi kuwa ya tara su duka, ga gado a kai. Tsahara ta ce, "To iskar fa?" Ya ce shi dai abin da ya gani a wuyan nan ya isa ya kayar da mutum ba sai da iska ba. Nan ta fashe da kuka, ta ce da hannunta take zuba masa man shanu. Madam Zipora ta riƙe ta ta ce, "Don ƙauna kika yi. Yanzu don ƙauna za ki rage."

Abin da ya sanyaya mana rai, lokotoro ya ce hanyar ba ta toshe ba, ba a kai ga fiɗa ba. An zo da wuri. In ya riƙe magani kullum, ya bar taba, ya bar kitse, ya rage gishiri da sukari, ya riƙa taka ƙasa da ƙafarsa, ana iya tsayar da abin inda yake. Na ce alhamdu lillahi a fili, har na tsorata wata mata da ke jira a waje.

Muna fitowa ƙofar asibiti Idirisa ya tsaya ya sha mur. Ya ce da Tsahara, "Ban yarda kowa ya ji ba. Ki rantse." Ta rantse. Ya dubi Madam Zipora, ta ce ita aikinta ma ya hana ta faɗin ciwon wani. Ya ce namiji ba ya tallar ciwonsa, kuma ba mai sayen nama a hannun wanda aka ce yana da cuta. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Ke ma, baiwa." Ni kuwa lokacin ina gyara ɗaurin ɗankwalina ina neman kabu-kabu. Ban ce i ba, ban ce a'a ba.

Zan faɗi gaskiyarsa, ya yi ƙoƙari. Taba ya yar da ita rana ɗaya, kuma ya sha wuya. Ya yi kwanaki yana faɗa da kowa, har da wuta in ta ƙi kamawa. Magani bai taɓa tsallakewa ba, Tsahara na tsaye a kansa. Shayi ya koma sha da ɗacinsa yana yamutsa fuska. Lomar ma ya bari. Sai ya yanko ɗaya ya miƙa wa mai saye, ya kau da kai.

To a nan gizon yake. Mutanen Maraɗi ba a ɓoye musu abu. Abdu, wani ɗan kabu-kabu mai baki kamar rediyo, shi ya fara cewa, "Idi, ina taka?" Ya ce azumi yake. Litinin ta wuce, Alhamis ta wuce, aka karɓa. Talata ma azumi, Asabar ma azumi, ga kofin shayi a gefensa! Sai ya koma cewa ya ƙoshi. A daidai lokacin kuma labari ya bazu cewa an kama wani a wata unguwa da naman dabbar da ta mutu da kanta. Kowa ya zama mai bincike. Aka fara raɗa. Mutum zai zo ya tsaya, ya karɓi lomarsa, ya jira, ya ga Idirisa bai ci ba, sai ya ce bari ya je ya dawo. Ba ya dawowa. Nama ya riƙa kwana, yana bushewa a kan raga.

Rashin ciniki bai karya shi ba. Abin da ya karya shi, wani dattijo ne da ya wuce ya ce da abokin tafiyarsa, ba tare da ya ko rage murya ba, "Ɗan Lawali ya daina cin abin da yake sayarwa." Ina kallon Idirisa lokacin. Sai ya yi ta goge wuƙar da ba ta da datti. Washegari mai saye na farko da ya zo, ya yanko loma biyu, ya dangwala, ya jefa mai kitsen a baki. Ya tauna yana kallon mutumin cikin ido.

Ciniki ya dawo. Ni kuma barci ya ƙaurace mini. Ina zaune a gefe ina ganin maƙogwaronsa na motsi, loma bayan loma, kitse da gishiri suna gangarawa ta wuyan nan da na gani a allo. Na yi masa magana a keɓe, ya ce in kula da ciyawata. Na yi masa da zafi, ya ce, "Ramatu, sunan ubana ne. In na mutu a kansa, na mutu." Madam Zipora ta sake auna shi, ta ce tansiyon ya ƙi sauka yadda ake so, ta yi masa faɗa, ya ce to, ya ci gaba.

Sai wata safiya Tsahara ta biyo ni har Jiratawa. Ba ta taɓa zuwa ita kaɗai ba. Ta zauna a bakin garka, ta tsinki ganye tana murzawa. Can ta ce, "Yaya Ramatu, ni ya ɗaure ni da rantsuwa. Madam aikinta ya ɗaure ta. Ke wa ya ɗaure ki?"

Na gane abin da take nema, kuma na ji tsoro. Wasan taubasai yana da faɗi, za ka ce da mutum ɓarawo, matsoraci, mummuna, a gaban surukansa ma, dole ya yi dariya. Wanda ya yi fushi da taubashinsa shi ya ji kunya. Amma ba a saba sa ciwon gaske a cikin wasa ba. Na san zan iya rasa shi. Sai na tuna Kawu a kan tabarma, na ce gara ya rayu yana jin haushina.

Na zaɓi ranar Juma'a bayan la'asar, lokacin da rumfar ke cika. 'Yan kabu-kabu sun jeru, 'yan kasuwa sun sauko, Malam Hezekiya na zaune a benci. Abdu ya nuna wani haƙarƙari. Idirisa ya yanko biyu, ya dangwala, ya miƙa masa ɗaya. Hannunsa na kan hanyar baki na yi wuf na fizge lomar.

Na hau kan bencina na ce, "Jama'a, ku matso ku ga abin mamaki! Ku zo ku ga Tulu zai kashe kansa don ku ci nama da kwanciyar rai! Kun ce ya daina cin namansa, ko? To lokotoro ne ya hana shi! Kitse ya fara toshe masa jijiyar wuya, irin abin da ya kayar da Kawu Lawali, ya kayar da Auwal. An ce in ya ci gaba zai bi su. Shi kuwa gogan kunya ta hana shi faɗa, wai shi namiji! Ku kuma kun tsaya kuna ƙirga masa tauna. To ga lomar nan, wanda yake son ya ga gawarsa ya karɓa ya sa masa a baki!"

Kitse kawai ake ji yana ɗiga a wuta. Idirisa na tsaye da wuƙa a hannu, idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Ramatu." Shi ke nan abin da ya ce, amma ban taɓa jin sunana da nauyi haka ba. Na ce a raina yau na ɓata.

Malam Hezekiya ne ya miƙe a hankali ya ce, "Malam Idi, taubashiyarka ce fa." Idirisa ya dubi jama'a, kowa shi yake kallo. Ya san doka. Ya ajiye wuƙa, ya tattaro wata dariya da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Kun ga irin bayin da aka bar mana gado."

Abdu ya ce, "Idi, bar wasa. Gaskiya ne?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Gaskiya ne." Kuma da bakin ya buɗe sai ya ƙi rufuwa. Ya ba su labarin wuƙar da ta faɗi, da hoton wuya, da abin da lokotoro ya ce. Ya ce yana tsoron tabarmar nan fiye da mutuwa, amma bai san yadda zai tsaya a rumfar ubansa a ce ba a yarda da namansa ba.

Abdu, mai bakin nan da ya fara tono maganar, sai ga hawaye a idonsa. Ya ce uwarsa na kwance a gida da irin wannan ciwo, shi ke ɗaga ta. Ya miƙo hannu ya karɓi lomar daga wurina, ya haɗa da tasa ya cinye, ya ce, "Ni dai daga yau na yafe. Wallahi in na sake ganin ka kai nama baki, ni da kai ne." Malam Hezekiya ya ce tun zamanin Lawali yake cin naman rumfar nan, kuma mutanen ya yarda da su, ba taunarsu ba. Aka yi ta cewa mun yafe, mun yafe. Dattijon nan da ya yi maganar da ta karya shi, labari ya kai masa, ya zo da kansa bayan kwana biyu ya ba da haƙuri.

Ba zan ce kowa ya dawo ba. Akwai waɗanda suka ce su ba sa sayen nama a hannun mai ciwo, suka sauya rumfa, Allah ya raka taki gona. Amma waɗanda suka tsaya sun zama masu gadinsa. Ko ƙuda ya kora kusa da baki sai ka ji an ce, "Idi, mun gan ka!" 'Yan kabu-kabu suka haɗa baki, ba mai ɗaukarsa zuwa masallaci, sai ya taka. Wasu suka roƙi Madam Zipora ta auna su su ma, ta riƙa zuwa wasu ranakun Asabar da jakarta, ba ta karɓar ko ruwa. Abdu ya samu nasa tansiyon a sama. Ni da nake taƙamar cin ganye, ta ce gishirin kwaɗona ya yi yawa, in rage. Matar nan da mijinta, ban san da wane baki zan gode musu ba. Kullum suna cikin addu'ata.

Sai dai Idirisa ya daina wasa da ni. Bai zage ni ba, bai kore ni ba. Gaishe ni ya koma yi. "Ina wuni, Ramatu. Ya mutanen gida." Da ladabi, kamar wata baƙuwa. Wanda bai da taubashi ba zai san zafin wannan ba. In na tsokane shi sai ya yi murmushi ya juya nama. Damina ta shigo ta fita muna haka. Sau da yawa nakan yi kuka a bayan kabu-kabu a hanyar gida, in ce ƙura ce. Amma ina ganin rigarsa na yi masa yawa, ina ganin ƙashin wuyansa ya fito, ina ganin yana sayen kwaɗo ta hannun wani don kada in sani. Na ce to, Allah, wannan ma ya ishe ni.

Bayan an gama girbi, wata safiya ina cikin garka ina tsinkar ganye, na hango wani mutum yana tafe a kan gaɓar hanyar ruwa, a ƙasa, da takalmi duk ƙura. Ban gane shi ba sai da ya matso. Idirisa ne. Tun bayan asuba ya taso daga Maraɗi, da ƙafa, har Jiratawa. Ya zo ya zauna a kan kunyar zogale yana haki, ya cire hula ya share gumi. Na tsaya da ganye a hannu ina kallonsa.

Ya ce, "Jiya na koma an sake hoton."

Na ce, "To?"

"Tudun yana nan. Bai ƙaru ba. Tansiyo ya sauka, kitsen jini ya sauka. Lokotoro ya ce in na ci gaba haka, zan daɗe ina ba mutane haushi."

Na durƙusa a nan cikin laka na yi godiya ga Allah, ina kuka ina dariya, majina da hawaye duk sun haɗe. Ya bar ni na gama. Sannan ya dube ni sama da ƙasa, ya girgiza kai.

"Dube ki. Mummuna ko a kuka. Ke dai, Ramatu, ba ki da kunya ko ta sisi."

Na ce, "Awo. Ba ni da ita."

Ya juya yana kallon ruwan da ke bi ta cikin zogale. Can ya ce, "Allah shi bar ki a haka."